Mai Makullan Santambul

Bronx, New York
Nuwamba

Zuwa ga Kawu Zailani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da duk mutanen Gidan Makulli. Mama ta ce ƙafar ta yi sauƙi har kana zuwa masallaci da kanka. Allah ya ƙara afuwa. Ni da maigidana Faruƙ lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Tunda ka ce waya ba ta yi maka amfani saboda nauyin kunne, ga takarda kamar yadda ka nema. Zan ba Aïchatou, wata 'yar Maraɗi mai shagon yadi a Harlem. Tana tafiya gida, ƙanenta zai ƙetaro maka da ita ta Jibiya.

Ka tambayi irin aikin da nake yi. Laburaren da nake aiki ya sayi wani tsohon rubutun hannu wanda ba a taɓa bugawa ba. Mai shi wani Bature ne mutumin Venis ta ƙasar Italiya, sunansa Ottavio Bressan, mai gyaran agogo. Wajen shekarar 1640 aka kai shi fadar Sarkin Santambul ya kula da agogunan fada, ya daɗe a can yana rubuta abin da ya gani. Nawa shi ne in karanta, in fassara, in yi bayani a gefe.

Mutum ne mai surutu. Rabin littafin ƙorafi ne a kan abinci da ciwon haƙorinsa. Sau ɗaya ya taɓa ganin Sarkin, shi ma ta baya, amma ya cika shafi uku yana bayanin halinsa. Abin da bai gani ba shi ya fi rantsuwa a kai.

Makon jiya na ci karo da abin da ya sa na tuna ka, don Mama kullum tana cewa cikin 'ya'yan 'yan uwan babanta kai ne ka riƙe tarihin gida. Akwai wani baƙar fata, babba a cikin gidan Sarki, makullan ƙofofin ciki duk a ɗamararsa suke, sai da izininsa Bressan ke shiga. Ya gaya wa Bressan shi mutumin wani gari ne mai suna Cassina, bayan babban rairayi, gari mai ganuwa da doguwar hasumiyar ƙasa. Na ce a raina, yau ga labarin Alhaji Tamimu da Kawu ke ba mu muna yara ya biyo ni har New York. Ban gama karantawa ba, rubutun mutumin kamar tonon kaza. In na gama zan rubuto maka sauran.

A gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Rabi'atu

Katsina
Janairu

Ɗiyata Rabi'atu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni lafiya, ko da yake ta yi mako uku a aljihun yaron Maraɗi kafin ya tuna. Ƙafa da sauƙi. Ki gaida mai gidanki da kyau.

Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Hasumiyar ƙasa ai Gobarau ce, ba ta da ta biyu. Makullai kuwa, me ya sa ake kiran gidanmu Gidan Makulli? Ke yarinya ce lokacin da nake ba ku labarin, bari in maimaita. Kakanmu Alhaji Tamimu ya tafi aikin Hajji a ƙasa, ya bar matarsa da ciki. Bai dawo ba. Bayan shekaru wasu alhazai suka zo da labarin cewa Sarkin Santambul ya ga amanarsa, ya damƙa masa makullan taskarsa. Cikin da ya bari shi ne mu duka.

Tun ina hedimasta nake faɗin wannan, ɗan uwanmu Alkasim da 'yan ɗakinsu suna mini dariya. Alkasim ya sha cewa a gaban jama'a Tamimu a hanya ya mutu kamar sauran matafiya, tsoffin gida ne suka ƙirƙiro labarin don su rarrashi matarsa. Ranar Juma'a na kai masa takardarki har zaure. Ya karanta, ya miƙo mini abata.

Ɗan littafin tarihin gida da na daɗe ina rubutawa na ƙara masa babi, na kai maɗaba'a. A bango na sa an rubuta cewa Dokta Rabi'atu ta Amurka ta tabbatar da shi daga littafin Bature. Bayan Babbar Sallah za mu tara zuriya a ƙaddamar. Na kuma aika wa Mukhtari, ɗan ƙanena da ke can garinku, ya tara 'yan uwa su karrama ki. Kada ki yi kawaici, haƙƙinki ne.

Ki aiko mini da hoton shafin. Ki duba ko Baturen agogon ya ambaci ko Tamimu ya sake aure a can, ƙila muna da dangi a Turkiyya ba mu sani ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Zailani

Bronx, New York
Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya. Wannan takardar zan bayar da ita ga duk wanda ya fara tashi zuwa gida, don ina so ta riga wani abu isowa gare ka, ko da yake na san da wuya.

Takardarka ta Janairu jiya ta zo hannuna. Da ta zo kafin Asabar da ta wuce, da abin da zan gaya maka bai faru ba.

Mukhtari ya kira ni ya ce in zo unguwarsu Tompkinsville cin abinci, matarsa ta yi waina. Muka hau jirgin ruwa ni da Faruƙ muka ƙetara. Da muka isa ba gidansa ya kai mu ba, wani ɗakin taro ne a saman shagon kayan abinci. Mutane sun fi sittin, har da na New Jersey. An rataya ƙyalle an rubuta: Zuriyar Alhaji Tamimu, Ma'ajin Santambul. Ga hotona a gefe.

Na ja Mukhtari waje na ce, “Wane ne ya ce na gano Tamimu?”

Ya ce, “Haba Anti, Baba Zailani mana. Ai har a group an saka. Ki ɗan yi mana speech na minti biyar kawai.”

Na ce, “Mutumin littafin ba Tamimu ba ne, Mukhtari.”

Ya dube ni ya ce, “To ki bari sai an ci abinci. Mutane sun bar aiki sun zo.”

Faruƙ ya ce in yi godiya kawai in zauna, daga baya a gyara. Na so in yi hakan. Amma da aka miƙo mini abin magana wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce in faɗa musu da bakina yadda kakanmu ya zama ma'aji. Ban iya cewa e ba.

Ga abin da na faɗa musu, kuma shi ne abin da ke cikin littafin. Mutumin da Bressan ya sani, a fada Raihan ake kiransa, sunan da aka laƙaba masa a can. Ba alhaji ba ne. An kama shi yana yaro ƙarami, bai fi shekara bakwai ba, aka ƙetara da shi rairayi zuwa Masar, aka sayar. Ka gafarce ni Kawu, maganar da ke biye ba ta dace da bakina zuwa gare ka ba. Yana cikin bayin da ake dandaƙewa tun suna yara don su tsare sashen matan Sarki. Makullan da ke ɗamararsa na waɗannan ƙofofin ne, ba na taska ba. Bai bar mata a Katsina ba, bai haihu a can ba. Sannan in aka ƙirga kakanni daga kai zuwa Tamimu kamar yadda ka koya mana, tsakaninsa da Raihan kusan shekara ɗari biyu ne. Mutum biyu ne daban.

Na ajiye abin magana. Wata mata ta ce, “To me ya kawo mu?” Dattijon ya ce ai Bature maƙaryaci ne. Na ce sau da yawa haka ne, amma in mun ƙaryata shi a nan, sai mu ƙaryata shi a kan hasumiyar ma. Aka ci wainar ba hira. Na ga wayoyi biyu ko uku a sama lokacin da nake magana.

Na sake duba kwafin takardata ta farko. Ban ce na gano Tamimu ba, cewa na yi na tuna labarinsa. Amma na ga yadda za a karanta ta haka. Tun Disamba na gama shafukan, na tsaya jiran Aïchatou ta dawo, ina kuma neman yadda zan faɗa maka.

Ina roƙo a dakatar da maɗaba'a, a cire sunana daga bangon.

'Yarka,
Rabi'atu

Katsina
Fabrairu

Rabi'atu,

Bayan sallama. Muna lafiya.

Tun da na rubuta miki a Janairu ban ji daga gare ki ba, sai a wayar mutane. An nuna mini ke a tsaye gaban jama'a a Amurka, ƙarƙashin sunan kakanmu. Ban ji abin da kike faɗa ba. Alkasim ne ya taimaka, ya maimaita mini a kunne da ƙarfi a ƙofar masallaci, yadda na sahun baya ma suka amfana. Ya ce kin ce bawa ne, an sayar da shi a Masar, kuma bai haihu ba.

Tambaya ɗaya gare ni. In bai haihu ba, mu daga ina? Uwarki daga ina?

Ki sani maganar ba ta tsaya a kaina ba. Mutanen da ke neman auren jikata Aishatu Humaira sun sa ranar kawo kaya, yanzu sun aiko cewa a ɗan dakata, suna bincike a kan asali. Yarinyar ta daina zuwa wurin aikinta a asibiti, ta ce kallon ya ishe ta.

Littafin an riga an buga. Yana nan a kwali a ɗakina.

In akwai abin da na yi miki, da kin faɗa mini a takarda. Ni na iya karatu.

Zailani

Bronx, New York
Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibada. Mama ta ce ciwon ƙafar ya dawo, Allah ya sauwaƙe.

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Ina zaton tawa ta Fabrairu ta iso ka yanzu, don haka ba zan maimaita ba. Na ga abin da ake yaɗawa. An yanke farkon maganata inda na ce mutum biyu ne, an yanke ƙarshe, an bar tsakiya. Ban san wanda ya yanke ba, ban kuma nema ba.

Na samo cikakken bidiyon daga hannun wata da ta halarta, na tura wa Aishatu Humaira, na tura wa yayar saurayin nata. Na kuma kira mahaifinsa da kaina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya gode, zai yi shawara. Iyakar abin da na iya ke nan daga nan.

Mukhtari ba ya ɗaukar wayata. A shagon da nake sayen gero a Fordham Road, masu gaishe ni da “Dokta” sun koma “sannu” kawai. Aïchatou ta ce in bar su. Ta ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, “Bon, ke kika hana su ma'aji, kina so su yi miki guɗa?”

Ga hoton shafin da ka nema, da fassararsa. Na haɗa da wani shafin da ba ka nema ba.

Bressan da Raihan sun saba, don akwai babban agogo a bakin sashen mata da ke yawan tsayawa, kuma dole Raihan ya tsaya a kan Bressan har ya gama gyara. A lokacin Raihan ya manyanta, yana da bayinsa da dawakinsa, waziri ma yana shakkarsa. Bressan ya ce duk lokacin da agogon ya buga da faɗuwar rana, sai Raihan ya furta wasu kalmomi a hankali. Bressan ya ɗauka tsari ne daga aljanin da yake zaton mutanen fada sun yarda yana cikin agogon, har ya yi shafi guda yana yi musu dariya. Wata rana ya tambaye shi ma'anarsu. Raihan ya ce bai sani ba. Ya ce harshen garinsu ne, ya manta shi duka, wannan kaɗai ya rage, kuma bakinsa ne ke faɗa in rana ta faɗi.

Bressan ya rubuta su yadda kunnensa ya ji: enna gheni nan taffe.

Na neme su a Turkanci, na neme su a Larabci, na tambayi wani abokin aiki masanin Farisanci. Babu. Ran nan ina tsaye ina jiran bas, na faɗe su a fili sau biyu. Sai na ji abin da nake faɗa.

Inna, ga ni nan tafe.

A bayanin da zan rubuta a littafin dole in ce wataƙila ne, don Bature ne ya ji, bayan shekara kusan ɗari huɗu kuma ni na karanta, kuma kunne yakan ji abin da yake so. Amma kai ba laburare ba ne, shi ya sa na faɗa maka yadda na ji.

Ban ce Tamimu bai je Santambul ba. Abin da na sani shi ne ba ya cikin wannan littafin.

'Yarka,
Rabi'atu

Katsina
Yuli

Ɗiyata Rabi'atu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta sauka sosai, har katangar bayan gida ta zube. Ƙafa tana nan yadda take. Ki gaida Faruƙ.

Takardunki biyu suna hannuna, ta Fabrairu da ta Afrilu. Na daɗe ban amsa ba don ban san da wace murya zan amsa ba. Na ɗauko ta farkon ma na sake karantawa da tabarau. Gaskiyarki, ba ki ce ba. Ni na ce.

Maganar Aishatu Humaira, an kawo kaya bayan Sallah da mako biyu. Uban yaron ya ce kiranki ne ya kwantar masa da hankali. Ita kuwa ta ce ta ga halinsu, za ta aure shi amma ta riƙe abin a ranta. Ban ga laifinta ba.

Taron ban soke shi ba, don an riga an gayyaci mutane daga Funtuwa da Kaduna. Kafin ranar na zauna da reza na yanke babin ƙarshe daga kowane littafi, na liƙe farar takarda a kan sunanki. Littafin ya yi muni, amma abin da ya rage a ciki zan iya tsayawa a kansa.

Da jama'a suka taru na miƙe na ce na yi gaggawa, mutumin da ke littafin Bature ba Tamimu ba ne. Alkasim ya ce, “Ai na faɗa.” Na ce, “Ka faɗa Tamimu ya mutu a hanya, wannan kuma ba a tabbatar ba tukuna.” Aka yi dariya, shi ma ya yi. Har yanzu ina kan bakana game da Tamimu, ki ci gaba da dubawa in kin samu wani Baturen.

Daga nan wani ya ce to shi wancan ɗin ɗan wane gida ne? Na ce ba a sani ba, ɗan garin nan ne dai, ƙila ta bayan ganuwa aka ɗauke shi yana wasa. Wasu suka fara tashi, tunda ba namu ba ne. Na ce su ɗan tsaya, na karanta musu shafin agogon kamar yadda kika fassara.

Goggo Tasalla tana wurin, ƙanwar mahaifina, ba na jin kin san ta. Ta haura casa'in, ido ya tafi, tunani ma yakan tafi ya dawo. An ɗauko ta ne an ajiye a tabarma kusa da ni don albarka, tun safe kanta a sunkuye, na ɗauka barci take. Kin san mai nauyin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Da na zo kan kalmomin, ashe da ƙarfi na faɗe su: “Inna, ga ni nan tafe.”

Sai Goggo ta ɗago kai ta juya wajen ƙofar zaure. Na ga bakinta ya motsa, na ga matan da ke kusa sun sunkuyar da kai, waɗanda suka miƙe kuma suka koma suka zauna. Na tambayi Aishatu Humaira me ta ce. Ta matso kunnena ta faɗa mini.

Cewa ta yi, “To yi sauri mana, magariba ta yi. Tun ɗazu nake kira.”

Ban ƙarasa karatun ba. Liman ya yi addu'a aka watse.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Zailani